In Ka Sauka, Ka Kira Wannan Lambar

In ka tsaya a bakin madatsar ruwa ta Auyo da hantsi, a kwanakin da hazo ya lafa, kakan ga farin zare ya ratsa sama. Jirgin da ya ja zaren sai ya yi nisa kafin ƙararsa ta iso ƙasa. Muna yara, duk jirgin da muka gani jirgin Makka ne; mu ɗaga masa hannu, mu ba alhazan da ke ciki saƙon tsaraba. Auyo ba ta da filin jirgi. Akwai na Dutse, wanda aka buɗe a 2014, sai babban na Malam Aminu Kano. To amma saman garin ba sake yake ba kamar makiyayar da ba ta da mai ita. Duk jirgin da ya ratsa can ƙololuwa, akwai wani bawan Allah, ko wata baiwar Allah, a zaune a ɗaki mai sanyi, da abin ji a kunne, ya san sunan jirgin, ya san tsayin da yake kai, ya kuma san wanda ke tahowa ta gabansa.

Shi ne mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, wanda mutanen filin jirgi ke kira kwantirola. Sana'arsa tana da tsohon gindi a Kano. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma su ne jiragen farko da suka taɓa sauka a ƙasar nan. Har yau, a taswirar masu harkar jirage ta duniya, sararin samaniyar Nijeriya baki ɗaya da sunan Kano aka san shi. An raba aikin kula da shi tsakanin cibiya biyu, ta Kano da ta Legas, kuma saman ƙasar Haɗejiya yana hannun ta Kano. Daga arewa tana iyaka da masu kula na Yamai, daga gabas da na Njamena. Jirgin da ya taso daga Turai zai tafi Afirka ta Kudu, kamar fatake da ke wucewa daga zango zuwa zango, haka ake miƙa shi daga wannan murya zuwa waccan.

Kwantirola yakan fara ne daga Zariya, a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964. Bayan aji da ɗakin gwaji, sai a zaunar da shi kusa da wani gwani na tsawon watanni, yana magana da jirage na gaske, gwanin yana saurare, hannunsa a kusa da maɓalli don ya karɓe magana in yaro ya fara tuntuɓe. Hukumar NAMA, wadda aka kafa da dokar 1999, ita ke ɗaukarsa aiki. Hukumar NCAA ita ke ba shi lasisi, kamar yadda take ba matuƙi, kuma sai likita ya riƙa duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa lokaci-lokaci kafin lasisin ya ci gaba da aiki. Wani yana zaune a hasumiya, yana kallon titin jirgi da idonsa. Wani yana tsara layin masu shirin sauka da waɗanda suka tashi yanzu. Wani kuma, wanda saman Auyo ke hannunsa, ba ya ganin jirgi ko ɗaya sai ɗigo a fuskar na'urar rada.

Abin da yake sayarwa a wannan kasuwa tazara ce. Can sama, tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, ana barin ƙafa 1,000 tsakanin jirgin sama da na ƙasa. Afirka ta shiga wannan tsari a watan Satumban 2008. Wanda ya nufi gabas yakan hau tsayi mai mara, kamar 33,000 ko 35,000, wanda ya nufi yamma ya hau mai cika, kamar 34,000 ko 36,000. In kuwa tsayinsu ɗaya ne, akan bar mil biyar na teku a tsakani, wato kilomita tara da ɗoriya. A ƙasa wannan tafiya ce. Mai keke sai ya yi gumi. A sama, jirage biyu da suka fuskanci juna, kowanne yana gudun kilomita 800 a sa'a, za su cinye wannan tazara cikin daƙiƙa ashirin da kaɗan.

Yanzu a ce an ba wani jirgi izinin hawa zuwa ƙafa 33,000. Kwantirola yana kallo, lambar da ke jikin ɗigon ta kai 33,000, ta wuce, ta kai 33,300, tana ci gaba. A ƙafa 34,000 kuma ga wani yana tahowa daga gabas.

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a shekarun da Kogin Haɗejiya ya yi ambaliya ya shanye hanyoyi, ya san ba a yi wa mai tuƙi faɗa a tsakiyar ruwa. Ko ya kauce hanya ya nufi cikin kacalla, abin da za ka ce masa shi ne ya karkato dama. Maganar me ya sa ya yi haka, sai an taka tudu. Wannan ita ce tarbiyyar farko da ake cusa wa kwantirola. Zai kira sunan jirgin, ya ce ya sauko zuwa 33,000 nan take, in da hali ya karkatar da ɗayan, ya gaya wa kowanne inda ɗan'uwansa yake. Muryarsa ba za ta tashi ba. Ba zai tambayi dalili ba, ba zai yi gori ba. Layin rediyon nan na kowa ne: jirage goma ko fiye suna saurare, kuma mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. Duk daƙiƙar da aka ɓata a kan musu, an hana wani faɗin abin da zai iya zama na rai da mutuwa. Sannan matuƙin da aka muzanta a gaban jama'a, akwai saura tafiyar sa'a biyu a gabansa, ga sauka cikin hazo, ga rayuka ɗari da hamsin a bayansa. In hankalinsa ya tafi ga tunanin lasisinsa, kuskure na biyu yana kan hanya.

Sai ƙura ta lafa, sannan a faɗa masa, cikin gajeriyar jimla, cewa da alama an sami kaucewa, in ya sauka ya kira lamba kaza. A kusan ko'ina a duniya akan nemi matuƙi ya buga wa hasumiya waya ko ya leƙo ofis bayan ya kashe inji. A Amurka ne abin ya zama rubutacciyar ƙa'ida, har da kalmomin da ake faɗa, kuma akwai labari a bayansa. A watan Agustan 1985 wani kyaftin mai suna Jack Brasher, na kamfanin Republic, ya taso daga Cikago zuwa Miniyafolis. Suna cikin hawa, jirgin ya zarce tsayin da aka ba shi da ƙafa 700, suka gyara. Babu wanda ya ce masa uffan. Sai bayan wajen wata shida, ya yi tafiye-tafiye da yawa a tsakani, takarda ta iso masa cewa za a hukunta shi. Ya ce bai tuna da tafiyar ba, balle ya kare kansa. Da maganar ta je gaban hukumar da ke sauraron ƙara, ta ga cewa rashin sanar da shi a kan lokaci ya tauye shi. Tun daga nan sanarwar ta ɗauki sunansa. Matuƙan Amurka suna ce mata gargaɗin Brasher.

Abin lura shi ne, wannan jimla da matuƙa ke jin gabansu ya faɗi in sun ji ta, don kare su aka ƙirƙiro ta. Ma'anarta: ka riƙe abin da ya faru a kanka tun yana da ɗumi, ka rubuta, ka tambayi abokin tuƙinka abin da shi ya ji. Kuma a cikinta akwai kalmar "da alama". Ba a ce ka yi laifi ba. An ce akwai abin dubawa.

Kwantirola ba ɗan sanda ba ne, ba kuma alƙali ba. Ba shi da ikon cin tara ko ƙwace lasisi. Abin da ke wuyansa shi ne ya gaya wa shugaban aikin wannan lokaci, a shigar da abin a littafin aiki da sa'a da minti, a cike takardar rahoto. In tazarar da doka ta tanada ta karye, akan tashe shi daga kujera a zaunar da wani. Mutanen waje sukan ɗauka horo ne. A'a, wanda ya ga ɗigo biyu sun kusa haɗewa a hannunsa, ko bai nuna ba jikinsa na rawa, kuma bai kamata a bar shi da sauran jirage a wannan hali ba. Daga nan sai a killace faifan. Duk maganar da aka yi a rediyo da wayoyin ɗakin ana ɗaukarta, haka ma hoton rada, kuma ƙa'idar duniya ta ce a ajiye aƙalla kwana 30. In akwai bincike, a ware na wannan rana kada a goge.

Faifan nan shi ne ya sa sana'ar ta bambanta da yawancin sana'o'inmu. A tasha, in direba da ɗan kamasho suka saɓa, mai ƙarfin murya ko mai uban gida shi ke da gaskiya. A nan sai a zauna a kunna. Sau da yawa abin da ake ji ba ya yi wa kowa daɗi. Dokar aikin ita ce, duk umarnin da aka ba matuƙi na tsayi ko na alƙibla ko na titi, sai ya maimaita shi da bakinsa, kwantirola kuma ya saurari maimaicin ya tabbatar daidai ne. To sai a kunna faifai a ji kwantirola ya ce 33,000, matuƙi ya maimaita 35,000, kwantirola bai gyara ba don hankalinsa ya riga ya tafi ga jirgi na gaba. Laifin wa ke nan? Ko a ji jirage biyu na kamfani ɗaya, lambobinsu sun yi kama, ɗaya ya amsa kiran ɗan'uwansa. Ko mutum biyu sun danna maɓalli a tare, maganarsu ta haɗe ta zama ƙara. Ko matuƙi ya manta bai sauya ma'aunin nauyin iska a agogon tsayinsa ba, agogon yana gaya masa yana daidai alhali ya kauce da ƙafa ɗari uku. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya ba da lambar waya da rana, yana iya zama shi ne za a mayar ɗakin gwaji kafin mako ya ƙare.

Shi ya sa harshen aikin ya zama a ƙuntace kamar na masu kiran farashi. Turanci ake yi, amma ba na hira ba. Tara ba a faɗinta yadda aka saba, sai a ce "naina", don kada ta yi kama da biyar a kunne. Kalmar da ke nufin tashi daga ƙasa ba a furta ta sai a lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. Wannan darasi da jini aka saye shi: ran 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, cikin hazo, kyaftin na wani jirgin KLM ya ɗauka an ba shi izini, ya taso a guje alhali jirgin Pan Am yana kan titin. Mutum 583 suka rasu.

Kiran wayar kansa yawanci gajere ne. Matuƙi ya kira, ya faɗi sunansa da lambar jirginsa. Shugaban aiki ya gaya masa abin da aka gani, ya tambaye shi yadda abin ya kasance daga wajensa. Wani lokaci a nan maganar ke mutuwa: baƙo ne bai san filin ba, ko alamar da ke bakin titi ta koɗe, ko guguwa ce ta ɗaga shi. Wani lokaci a ce masa za a tura rahoto gaba. Shi ma yana da takardar da zai cike wa kamfaninsa, kuma yana da damar ya kai ƙarar kwantirola in yana ganin an jefa shi cikin haɗari. Takardar rahoton hanya biyu take bi. A Turai doka ta ba da sa'a 72 a kai irin wannan rahoto. In jirgin na wata ƙasa ne, sai takarda ta bi shi gida, ta hannun hukumar ƙasar da ta ba shi lasisi.

A Nijeriya, daga nan hanya ta rabu biyu, kuma rabuwar tana da muhimmanci. NCAA ita ce mai sanda: tana iya yin gargaɗi, ta ce a koma horo, ta ci tara, ko ta dakatar da lasisi. Hukumar NSIB kuwa, wadda ta gaji tsohuwar hukumar binciken haɗarin jirage, tana shiga ne in abin ya kai haɗari ko ya kusa, kuma bisa yarjejeniyar duniya bincikenta ba na neman mai laifi ba ne, na neman dalili ne. An raba su ne da gangan. Mutum ba ya buɗe cikinsa ga wanda ke riƙe da bulala.

Wannan ma da jini aka koya. Ran 1 ga Disamba 1974 wani jirgin TWA ya daki dutse a jihar Bajiniya yana shirin sauka kusa da Washinton, mutum 92 suka mutu. Matuƙan sun fahimci izinin da aka ba su ta wata fuska, kwantirola yana nufin wata. Da aka bincika sai aka gano cewa makonni shida kafin nan wani jirgin United ya yi irin wannan kuskure a wannan wuri, ya tsallake da ƙyar. Matuƙansa sun ba da rahoto, amma a cikin gidan kamfaninsu labarin ya tsaya. A 1976 aka kafa wani tsari da aka damƙa wa hukumar NASA, wadda ba ta da ikon hukunta kowa: matuƙi ko kwantirola ya rubuto kuskurensa, a cire sunansa, a baza darasin ga kowa. Wanda ya rubuto cikin kwana goma, in ba da gangan ya yi ba kuma ba laifin kotu ba ne, akan ɗage masa hukunci. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma sai wani ya yarda ya faɗa kafin kunnen ya ji.

A nan ne nake ganin sana'ar ke karo da halinmu. Mun taso a gidan da yaro ba ya cewa babba ya yi kuskure, kuma a ofisoshinmu kalmar rahoto ƙanwar takardar tuhuma ce. Ka ɗauki yarinya 'yar shekara ashirin da bakwai a hasumiya, da kyaftin mai furfura wanda ya fara tuƙi tun ba a haife ta ba. A waya za ta ce masa ranka ya daɗe, ta gaishe shi da gajiya. Amma dole ta gaya masa ya tsallake layin tsayawa ba da izini ba, kuma dole ta rubuta. In ta ji nauyinsa ta bar maganar, ta yi masa kara, ta kuma cuci wanda zai zo gobe ya tarar da alamar nan da ta koɗe ba a gyara ba. Haka in jirgin na wani babban mutum ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai an daɗe ana nuna wa mutane haka a aikace kafin su yarda.

Kuma hukuma tana iya rushe wannan yarda da hannunta. Ran 5 ga Agusta 2025, a filin jirgin Abuja, wani sanannen mawaƙi ya tsaya a gaban jirgin kamfanin ValueJet bayan wata taƙaddama, jirgin kuma ya motsa mutane na tsaye kusa da shi. Bidiyo ya karaɗe wayoyi. Nan da nan NCAA ta dakatar da lasisin matuƙan biyu kafin a kammala bincike, daga baya gwamnati ta sanar da cewa za a mayar musu bayan wata guda. Ba na cewa matuƙan sun kyauta. Motsa jirgi da mutum a gabansa ba abin wasa ba ne. Abin da nake tsoro shi ne darasin da ƙaramin matuƙi zai ɗauka: kuskuren da kyamara ta kama shi ke jawo sanda cikin sa'o'i, saboda haka wanda ba a gani ba gara a haɗiye shi. Alhali waɗanda ba a gani ba ɗin su ne suka fi yawa, kuma su ne ke ɗauke da ilimin.

Shaida ma tana da ranar mutuwa. Ran 7 ga Yuli 2017, da dare, wani jirgin Air Canada ya kusa sauka a kan hanyar da jirage ke bi zuwa titi a San Faransisko, inda jirage huɗu cike da mutane ke jiran tashi. Ya wuce ta kansu da tazara ƙanƙanuwa. Kafin masu bincike su farga, jirgin ya sake tashi washegari, na'urar ɗaukar maganar matuƙa ta hau kan tsohuwar magana ta goge. Abin da suka ce wa juna a wannan minti ya tafi har abada. Irin wannan ne ya sa ake matsa wa sababbin manyan jirage su ɗauki na'urar da ke riƙe maganar sa'a 25 maimakon biyu. Jinkirin da kwantirola ke yi kafin a tambayi matuƙi dalili na minti ne ko sa'a, har jirgi ya sauka. In ya zama na kwanaki, ya koma sakaci.

Kada kuma a ɗauka kullum matuƙi ne a gaban tambaya. Ran 7 ga Nuwamba 1996 jirgin ADC da ya taso daga Fatakwal ya faɗa ruwa a Ejirin, kusa da Legas, da mutum 144, cikinsu har da Farfesa Claude Ake. Bincike ya nuna an sami tangarɗa wajen raba jirage daga ɓangaren masu kula, matuƙin kuma ya yi wata karkata mai tsanani don kauce wa karo, jirgin ya ƙwace masa. Ran 1 ga Yuli 2002, a saman garin Uberlingen na Jamus, kwantirola guda da aka bari shi kaɗai da dare ya ce wa jirgin Rasha ya sauko, na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgin tana cewa ya hau. Matuƙan suka bi mutum, suka yi karo da jirgin kaya na DHL. Mutum 71 suka mutu, akasarinsu yara 'yan makaranta. A 2004 wani da ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu a haɗarin ya bi kwantirolan har gida ya kashe shi da wuƙa. Tun bayan wannan haɗari aka ƙarfafa doka: in na'urar ta yi magana, ita za a bi, ko da ta saɓa wa kwantirola. Saboda haka akwai kaucewar da ba laifi ba ce. Matuƙin da ya bar tsayinsa don na'ura ta umarce shi, ko don wata larura ta gaggawa, zai faɗa a rediyo, zai rubuta rahoto, amma ba wanda zai tuhume shi.

Mutanen da ke wannan aiki a ƙasar nan ba su da yawa, kuma ƙungiyarsu ta daɗe tana kukan ƙarancin ma'aikata da tsufan kayan aiki. An ƙaddamar da tsarin rada na ƙasa baki ɗaya a 2010, na'ura kuwa tana tsufa kamar mutum. A watan Nuwamban 2021 wani kwantirola ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki a Abuja, ya rasu, abokan aikinsa suka rage gudun aiki don nuna fushi. Ga aikin dare, ga lokacin jigilar alhazai da Kano da Dutse ke cika, ga hunturu da hazo ke rufe titi har matuƙi ya riƙa neman a bar shi ya gwada sauka sau ɗaya. Tsofaffin Kano ba su manta da safiyar 22 ga Janairu 1973 ba, ranar da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Mutumin da ya gaji, shi ne wanda maimaicin da ba daidai ba ke wucewa ta kunnensa bai ji ba. Rahoton kirki ba ya tsayawa a kan wa ya ce me. Yakan tambayi sa'a nawa mutumin ya yi a kujera, da jirage nawa ke hannunsa a wannan minti.

Akwai jirgi ɗaya da mutanen Auyo suka sani ido da ido, ba zare a sama ba. Shi ne ƙaramin jirgin feshi da akan kawo in tsuntsayen jan-baki sun taso wa shinkafa da gero, daga maɓoyarsu a cikin kacalla. Yana tafiya ƙasa-ƙasa, dab da kan itatuwa, yawanci da magariba lokacin da tsuntsayen ke komawa makwanci. A wannan tsayi rada ba ta cika ganinsa ba, kuma ba kwantirola ke raba shi da kowa ba. Idonsa ne tazararsa. Duk da haka yana da rediyo, yana da lasisi, an san filin da ya taso da wanda zai koma. In ya yi ba daidai ba, akwai inda za a same shi.

Yanzu kuma ya sami abokin zama a wannan sarari. Samari masu ɗaukar hoton biki da hawan sallah a ƙasar Haɗejiya sun fara mallakar ƙananan jirage marasa matuƙi, wasu ma suna ɗaukar hoton gonaki da ambaliya da su. A doka, sai da izinin NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake tashinsu. A aikace, yaro ya sayo a kasuwa, ya yi caji, ya tsaya a kan gaɓa ya sake shi sama. Ba ya jin rediyon kowa, ba ya fitowa a fuskar rada, ba a ɗaukar muryarsa a faifai. Ran da ya gitta gaban mai feshi, matuƙin zai koma Dutse ko Kano ya cike takardarsa, ya rubuta sa'a da wuri da tsayi. Shugaban aiki zai karɓa ya shigar a littafi, ya duba gurbin da ake rubuta wanda za a kira, ya bar shi fari.